Injin na Kururuwa, Babur Ba Ya Ja

Ɗan acaɓa ya ɗauko buhun masara da mai buhun, ya tunkari hawa, ya murɗa totur. Injin ya ɗaga murya, amma gudun bai ƙaru ba. Mafi yawan masu babur da zarar sun ga haka sai su yanke hukunci: kuloci ya cinye, a sayo faranti. Sau da yawa kuwa farantin na da sauran rai.

Kulocin irin su Bajaj Boxer da injinan China da aka kwaikwayo daga Honda CG125 ta 1975 a cikin baƙin mai yake aiki. Faranti ne jere a cikin kwando, mai fata sannan na ƙarfe, mai fata sannan na ƙarfe, sifirin na matse su wuri guda. Idan an kama hannun kuloci, waya ta ja, matsin ya saki, injin ya rabu da giya. Duk abin da ya rage wannan matsi, ko ya sa farantan santsi, shi ke kawo zamewa.

Gwajin ba ya buƙatar sifana. A bar injin ya yi zafi, a sa giyar ƙarshe ana tafiya sannu, sannan a buɗe totur gaba ɗaya. Lafiyayyen babur zai yi nishi ya riƙa ɗaukar gudu a hankali. Mai zamewa kuwa ƙararsa za ta haura nan take, ƙafa na biye da ita daga baya. In kuma fizga ake ji da ƙarar ƙas-ƙas, a duba sarƙa da haƙoran sifiroket, ba kuloci ba ne.

Wuri na farko da bakanike mai natsuwa yake taɓawa shi ne hannun kulocin. Dole ya kasance da ɗan wasa kafin waya ta fara ja, kamar milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun a yawancin ƙananan babura. Yayin da faranti ke cinyewa, wasan nan raguwa yake yi, har a wayi gari waya ta ɗame, kamar mutum yana riƙe da kuloci rabi dare da rana. Akwai kuma matasan da ke ɗaure ta da gangan, wai don giya ta riƙa shiga da taushi. Su ne kasuwar masu sayar da faranti. Gyaran ɗan kaɗan ne: a sassauta notin makulli da ke jikin hannun, a murɗa abin saiti ciki har wasan ya dawo, a ɗaure. In na sama ya ƙure, akwai wani a ƙasa kusa da injin. Bayan nan a juya kan babur hagu da dama a ga ko wasan na canjawa, domin wayar da aka bi da ita ta hanyar da ba daidai ba tana ɗamewa a kwana. Waya mai tsatsa ko wadda zarenta ya fara tsinkewa ma tana maƙalewa ta hana kuloci komawa mazauninsa.

Babura masu kulocin atomatik, waɗanda ake kira roba-roba, zuriyar Honda Super Cub ta 1958, ba su da waya. Nasu saitin ƙusa ce da noti a murfin injin na dama.

Sai batun mai, inda ake yawan tafka asara. Man mota na zamani kan zo da sinadaran rage gogayya don tsimin fetur, kuloci kuwa da gogayya yake rayuwa. Shi ya sa a 1998 Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babura: MA ga kuloci mai wanka a mai, MB ga sikuta masu busasshen kuloci, aka ƙara MA2 a 2006. Man da ake aunawa a tsohuwar gorar ruwa a bakin titi ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa. Idan zamewar ta fara ne bayan juye, a zubar da man a zuba na gaske kafin fatar ta sha shi ta yi sheƙi.

In waya da mai sun fita daga zargi, sai a buɗe murfi. Ƙaurin ƙuna zai fara yin sallama. Farantin ƙarfe da ya yi shuɗi ya sha zafi. A ɗora shi kan gilashi, in yana rawa ya lanƙwashe. A auna kaurin masu fata da tsawon sifirin, a gwada da abin da littafin babur ɗin ya ce. Dabarar cusa washa a ƙarƙashin sifirin da ya gaji takan kai mutum kasuwa ɗaya ko biyu, amma tana taurara hannu ta gajiyar da waya. Sababbin faranti kuma a jiƙa su cikin mai kafin a ɗaura, a ɗaure ƙusoshin sifirin bi da bi a gicciye, sannan a sake saita wasan hannun, domin kaurin sabon faranti ya riga ya canja shi.