Dokar Hana Shan Taba: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk mutumin Dagauda, ta ƙaramar hukumar Dambam a Jihar Bauchi, da ya saɓi jakarsa ya biyo ta Azare ya gangaro Kudu neman abinci, sana'o'in da ke jiransa a farkon zuwa ba su da yawa. Ko gadi, ko dako, ko shayi, ko kuwa tebur. Shi kuwa tebur, kamar yadda kowa ya sani, ba ya cika sai da goro da alewa da ashana da buɗaɗɗen kwalin taba ana zarar kara ɗaya-ɗaya. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Sabon Badun zuwa Shagamu, haka abin yake, haka kuma yake a bakin tasha can gida.

Abin da da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ba su sani ba shi ne, tun shekarar 2015 sayar da taba kara-kara laifi ne a dokar Nijeriya, haka nan kunna ta a cikin motar haya ko gidan cin abinci. Waɗanda suka sani kuwa, wasunsu suna cike da haushin 'yan majalisar da suka yi dokar. Kukansu yana da ƙamshin gaskiya, ya kuma kamata a saurare shi. Amma kafin mutum ya shiga sahun masu adawa, ya kyautu ya san su wa ke gaban sahun, me suka samu, shi kuma me ya samu.

Gardamar ba ta yau ba ce

Tun da taba ta ƙetaro Sahara wajen ƙarshen ƙarni na 16 malamai suke ja-in-ja a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta littafi a 1607 yana ganin halas ce, wasu malaman suka ce a'a. Har gobe ɗariƙar Tijjaniyya tana hana muridanta shan taba. Sai dai wancan hani na malami ne ga almajirinsa, ba tara a cikinsa, ba ɗauri.

Hukuma ta sa hannu sosai ne a 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Kiwon Lafiya. Dokar soja mai lamba 20 ta wannan shekara ta hana shan taba a gidajen silima, da asibitoci, da ofisoshi, da makarantu, da motocin haya, ta kuma yanka tarar da ta kama daga Naira 200 zuwa Naira 1,000. Dattawan cikinmu za su tuna cewa dokar ta yi ƙara a rediyo, amma a tasha ba ta hana kowa busa hayaƙinsa ba.

A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba, wadda ta wajabta wa ƙasashe su kare mutane daga hayaƙin da ba su suka kunna ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar a 2006, Ingila ta hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a a 2007, Abuja kuma ta ayyana nata hanin a 2008.

Shirin dokar da ya kwana a tebur

A Majalisar Dattawa, wanda ya ɗauki nauyin shirin dokar ƙasa baki ɗaya shi ne Sanata Olorunnimbe Mamora na Legas ta Gabas, wanda likita ne. A 2009 kwamitin lafiya na majalisar, ƙarƙashin Sanata Iyabo Obasanjo-Bello, ya zauna sauraron ra'ayin jama'a, kamfanonin taba kuma suka je da hujjojinsu. Majalisun biyu suka zartar da shirin a 2011, amma Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, aikin ya bi ruwa. Masu fafutukar dokar sun ɗora laifin a kan kamun ƙafar kamfanoni.

Jihar Legas ba ta jira ba. Ɗan majalisar jihar mai wakiltar Eti-Osa, Gbolahan Yishawu, ya kawo nasa shirin, Gwamna Babatunde Fashola ya sa masa hannu a watan Fabrairu na 2014. Dokar ta tanadi tarar Naira 10,000 zuwa 15,000 ko ɗaurin wata ɗaya zuwa uku ga wanda ya sha taba inda aka hana, in ya sake kuma hukuncin ya ƙaru. Akwai hukunci dabam ga wanda ya busa hayaƙi a gaban yaron da bai kai shekara 18 ba. Hukumar kare muhalli ta jihar, wato LASEPA, aka danƙa wa aikin.

Sai a watan Mayu na 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka, Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar tarayya. Ita ce ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da filayen wasa da motocin haya da sauran wuraren taruwar jama'a, da tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Ita ce ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana a sa shi ya sayar, ta kuma ce ba a sayar da sigari sai a rufaffen kwali mai kara 20. Mai karatu ya lura: wannan doka ta tarayya ce, tana hawa kan mai tebur a Dagauda kamar yadda take hawa kan na Obalende. Mazaunin Legas kuwa dokoki biyu ne a kansa.

Me masu adawa ke cewa?

Masu adawa iri uku ne, ko da yake akan cuɗa su wuri ɗaya. Na farko kamfanoni. Hujjarsu ita ce ayyukan yi, da harajin da suke biya, da manoman taba irin na yankin Iseyin a Jihar Oyo, da tsoron cewa in aka matsa musu 'yan fasa-ƙwauri za su cika kasuwa. Ba ƙananan masu magana ba ne. Kamfanin British American Tobacco ya ƙulla yarjejeniyar zuba dala miliyan 150 da gwamnatin Obasanjo a 2001, ya buɗe babbar masana'antarsa a Badun a 2003, shi ne kuma ya gaji tsohon kamfanin taba na NTC wanda mutanen Zariya suka sani tun kafin samun 'yancin kai.

Na biyu mashaya. Mashayi yana ganin kuɗinsa ne, huhunsa ne, ba ruwan ɗan majalisa. Yakan ƙara da cewa hayaƙin janareta da na tsofaffin motocin Legas ya fi nasa yawa, me ya sa ba a fara da su ba? Wasu kuma suna ganin majalisar da ba ta kawo ruwa da wuta da magani a asibiti ba, ba ta da bakin hana talaka abin da yake rage gajiya da shi.

Na uku masu tebur, kuma kukansu ya fi na kowa nauyi. Lebura ko ɗan dako ba ya sayen kwali, kara ɗaya ko biyu yake saye. Ribar kara-kara ta fi ta kwali, wanda ya tsaya sayen taba kuma yakan haɗa da goro ko alewa. In aka ce sai kwali, ciniki ya koma manyan kantuna, kuɗin da ake aika wa iyali a gida ya ragu.

Su kuwa 'yan majalisar da suka goyi bayan dokar, amsarsu ita ce kara ɗaya shi ne abin da kuɗin tara na ɗan makaranta ke iya saye, kuma da shi ake koyon sha. Wanda ya sayi kara bai ga gargaɗin da ke jikin kwali ba, balle hotunan cututtukan da aka fara bugawa a kai a 2021. Duk uban da ke da ɗa a makaranta ya san wannan amsa ba ta banza ba ce.

Wa ya samu, wa ya rasa?

Mu duba yadda aka ƙare. Daga 2011 zuwa 2015 an yi shekara huɗu ba sabuwar dokar tarayya. Da dokar ta zo, ta bar ƙofar keɓe wurin shan taba a wasu gine-gine, abin da ya fi amfanar manyan otal da gidajen shaƙatawa. Ta kuma ce ƙa'idojin aiki da ita sai majalisa ta amince, ba a kuwa samu amincewar ba sai 2019. Ko a watan Disamba na 2023, da hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ba da sanarwar tarar dala miliyan 110 a kan British American Tobacco, ta hanyar sulhu aka gama, kamfanin ya ci gaba da aikinsa.

To, mai tebur fa? Ba shi da lauya, ba a keɓe masa komai ba, ba a ba shi wa'adin canza haja ba, ba a ba shi jari ba. Gaskiya ne ba a cika kama mutane a kan wannan doka ba, har yanzu ana sayar da kara-kara a fili. Amma dokar da ke barci ta fi zama haɗari ga baƙo, domin ranar da wani mai kaki ya bukaci na cefane, ita zai tasa, kuma teburin baƙo ne mafi kusa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hayaƙi ba ya tsayawa wurin mai shi

Akwai abin da masu adawa ba su cika ambata ba. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 ne na manya ke amfani da taba, wato kashi 10 na maza da kimanin kashi 1 na mata. Ke nan mafi yawan mutanen da ke cikin motar haya ko rumfar mai shayi ba mashaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar wasu. Hayaƙin yana jawo ciwon zuciya da sankarar huhu, yana tayar wa yara da asma, shan taba kuma yana tsananta tarin fuka.

Mu da muke kwana mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya mun fi kowa sanin wannan. In ɗaya ya kunna, kowa ya sha. In ciwo ya kwantar da mutum a Kudu kuwa, mun san inda ake nufa da shi: a sa shi a mota a kai shi gida, daga Dagauda a wuce da shi asibitin tarayya na Azare, a sayar da akuya da hatsi, mata da uwa su yi jinya. Ba kamfanin da ke biyan wannan.

Abin yi

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu ari faɗan kamfani mu yafa. Hana busa hayaƙi a cikin mota da asibiti da gaban yara ba zalunci ba ne, mu ma yana kare mu. Abin da ya dace mu yi kuka a kansa shi ne yadda aka taɓa abincin mai tebur ba tare da an tambaye shi ba.

Kukan kuwa yana da inda ake kai shi. Mutanen Dagauda suna da wakili a Majalisar Wakilai, na mazaɓar Misau da Dambam, suna da sanata na Bauchi ta Tsakiya, da yawanmu kuma gida muke komawa jefa ƙuri'a. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Kudu za su iya rubuta musu, su nemi a fassara dokar da Hausa a karanta a rediyo, su nemi a ware wa ƙananan 'yan kasuwa rance daga harajin taba, wanda aka ƙara a 2018, su kuma tura wakili duk ranar da majalisa ta sake zaman sauraron jama'a.

Kafin nan, mai tebur ya daina sayar wa yara, ya daina barin ƙaramin yaro a kan tebur yana miƙa taba, ya soma ƙara wata hajar a hankali. Mai sha kuma ya fita waje, nesa da mutane. Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema, Ya mai da mu gida lafiya.