Aikin Ikilisiya: Ƙofa Ce a Buɗe ga Ɗalibanmu

Kowace shekara idan ɗalibanmu na ajin ƙarshe suka gama jarrabawa, hankalinsu yakan koma kan aikin gwamnati. Kaɗan ne ke tuna cewa Ikilisiyar Angilikan ma tana neman ma'aikata, musamman a yankinmu na Bagudo.

Naɗaɗɗun ma'aikata hawa uku ne: dikin, firist, sai bishop. Wanda ya ji kira yakan fara sanar da fastonsa, a kai maganar gaban bishop, sa'an nan a tura shi makarantar tauhidi, kamar Kwalejin St Francis da ke Wusasa, Zariya. Bayan karatu a naɗa shi dikin, in ya yi aminci a mai da shi firist. Akwai kuma ayyukan da ba sa bukatar naɗi: katikis, mai bishara, malamin makaranta, ma'aikacin jinya, akawu da ma'aji. 'Yan'uwa mata suna riƙe shugabanci a zumuntar mata da makarantar Lahadi.

Shugabanci daga ƙasa yake farawa. Samuel Ajayi Crowther malamin makaranta ne kafin a naɗa shi bishop a 1864. Josiah Idowu-Fearon, bishop na farko a Sakkwato a 1990, ya zama babban sakataren Angilikan na duniya daga 2015 zuwa 2022.

Me ya sa muka ce yankinmu na da bukata ta musamman? Domin muna bakin iyaka da Jamhuriyar Benin. A Illo, Lolo da Tsamiya ana jin Hausa, Fulatanci, Dandanci da Busanci, a ƙetare kuma Faransanci ne harshen gwamnati. Fasto baƙo sai da tafinta, amma ɗan ƙasa yana shiga gida ya yi gaisuwar mutuwa da harshen masu gida. Saboda haka kada mu raina darasin Faransanci, kada kuma mu ji kunyar harshen iyayenmu.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Albashin ba shi da yawa, ƙauyuka suna da nisa, hanya da damina sai haƙuri. Wanda ya shiga don gudun zaman banza ba zai daɗe ba, gama ganin kitse ya yi wa rogo. Iyaye, kada ku hana yaron da Ubangiji ya kira, kada kuma ku tilasta wa wanda bai kira ba. Ɗalibai, ku yi addu'a, ku nemi shawarar fastonku tun kafin sakamako ya fito.