Alhajin da ya zama banki kafin banki ya iso: fatauci da bashi a farkon Jamhuriyar Nijar

Wanda ya tsaya a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, zai ga manyan motoci ana loda musu albasa. Da yawa daga cikin buhunan nan tun kafin a haƙe su aka biya wani ɓangare na kuɗinsu, kuma ba takarda aka rubuta ba. Wannan salo ya samo tushe daga rayuwar alhazan da suka riƙe fatauci da ba da bashi a lokaci ɗaya, tun jamhuriya tana jaririya.

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, bankuna a manyan birane kaɗai suke, kuma kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ne ke riƙe da babban ciniki. Ɗan kasuwa Bahaushe yakan fara ne a matsayin yaron wani ubangida. Ya karɓi kuɗi, ya shiga ƙauyuka sayen gujiya, ya dawo da kaya. In ya riƙe amana, ubangida ya ba shi jari, shi ma ya tara nasa yaran. In ya sauke farali, sai ya dawo da sunan Alhaji.

A ƙauye, wannan Alhaji shi ne banki. Shi ke ba manomi iri da hatsi da bazara, a biya shi da kaka. Shi ake ba ajiya, shi ke canjin kuɗi. Jinginar da yake karɓa ita ce sunan mutum da na gidansu. Abin yana da ɗaci kuma: manomin da ya ci bashi cikin yunwa yakan saki amfaninsa da araha.

Gwamnatin Diori Hamani ta so ta karɓe ragamar daga hannun Turawa. Ta kafa bankin raya ƙasa na BDRN a 1961, sai SONARA mai cinikin gujiya da Copro-Niger mai shigo da kayan masarufi a 1962. Alhazai suka zama masu saye da rarrabawa ga waɗannan kamfanoni, wasunsu suka fara samun lamunin banki. Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya buɗe musu wata ƙofa. Bayan farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya, sai suka karkata ga tura atamfa da taba zuwa Najeriya. Masanin nan na Faransa, Emmanuel Grégoire, ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi.

A Birnin Ƙonni, mai fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, iyaka ce jari, ita ce kuma hatsari. Da Najeriya ta canza takardun naira ta rufe iyakokinta a Afrilun 1984, masu riƙe da tsohuwar naira sun ji jiki. Faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta sake birkita lissafi.

Shi kuwa BDRN, basussukan da ba a biya ba suka durƙusar da shi, aka maye gurbinsa da SONIBANK a 1990. Bashin da ake jin na gwamnati ne, wasu suka ɗauke shi kamar ba shi da mai shi. Bashin Alhaji kuwa, wanda ya ƙi biya ya rasa mai ba shi ko buhu ɗaya a kasuwa. Shi ya sa har yau manomin albasa a Tsarnawa, ko da yana da asusu a wayarsa, in lokacin dashe ya zo ƙofar mai sayen albasarsa yake fara ƙwanƙwasawa.