Gina Ɗakin Gona a Nesa da Gari: Abubuwan da Manomi Zai Duba Kafin Ya Aza Tubali

A garuruwa da yawa gonakin bayan gida sun yi wa jama'a kaɗan. Rabon gado ya yayyanka su, gine-gine kuma sun cinye saura. Wannan ya sa manomin da ke son noma mai yawa, musamman a jihohin Neja, Nasarawa da Taraba, yakan nemi fili can cikin daji, inda babu wutar lantarki, babu famfo, wani lokaci ma babu hanyar mota. Wanda ke zuwa irin wannan gona daga gida kullum, rabin ƙarfinsa a hanya yake ƙarewa, kuma a lokacin tsaron tsuntsu ko girbi dole ne ya kwana a can. Daga nan ne buƙatar ɗakin gona take tasowa.

Malaman gona sun sha ganin irin waɗannan ɗakuna sun zube tun ba su ga damina ta biyu ba. Akasari laifin ba na bango ba ne. Ruwa ne ke kashe ɗakin ƙasa, ko dai ya ci shi ta gindi ko ya dake shi ta sama. Saboda haka zaɓen wuri, harsashi da rufi su ne ya kamata su ci mafi yawan tunani da kuɗin manomi.

Kafin a kai ga wannan, sai a tabbatar da matsayin filin. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar izinin zama bisa al'ada a filayen karkara, don noma ko don zama. In filin na aro ne ko na haya, kada a yi gini sai mai shi ya yarda a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a kuma rubuta. Mutum yakan yarda a shuka dawa a filinsa, amma ya ga an aza kwano sai ya ɗauka ana shirin ƙwace masa ne. Haka kuma a tambayi dattawan yankin da makiyaya inda burtali da hanyar mashaya suka bi. Ɗakin da aka gina a kan burtali rigima ce aka gina, ko da an yi shekaru shanu ba su bi ta wajen ba. A wuraren da ake fama da rashin tsaro, gara manoma uku ko huɗu su gina ɗakunansu kusa da juna, a inda waya ke samun sabis, da kowa ya ware shi kaɗai.

Da damina ake zaɓen wuri, ba da rani ba. Filin da ya bushe ƙayau a watan Fabrairu yana iya zama tafki a watan Agusta. Manomi ya je gonar washegarin ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa ya bi da inda ya kwanta, ya kafa turke a kan tudun da ya riga ko'ina tsanewa. Masu noman shinkafa a fadamun kogin Neja da Binuwai su tuna da ambaliyar 2012 da ta 2022. A tambayi mutanen wurin iyakar inda ruwa ya kai a waɗannan shekaru, a yi gini sama da nan. A nisanci suri, domin gara ba ta da nisa da shi, kuma kada sha'awar inuwa ta sa a yi gini a gindin babban itace, saboda tsawa da karyewar reshe.

Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 ya ishi mutum biyu ko uku kwana. A juya shi yadda tsawonsa zai miƙe daga gabas zuwa yamma, wato gajerun bangaye su ne za su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta. Wannan yana rage zafi. Ƙofa kuwa kada ta kalli gabas, tun da hadarin farkon damina mai iska daga can yake tasowa, abin da maginanmu na gargajiya suka daɗe da sani.

Wajen haƙa harsashi, a cire baƙar ƙasar sama gaba ɗaya har a iske ƙasa mai tauri, yawanci zurfin santimita 45 zuwa 60. A cike da dutse ko marmara ko bulon siminti, a ci gaba da ɗagawa har ya haura doron ƙasa da aƙalla santimita 30. A nan ne manoma da yawa ke yin rowa, su fara aza tubalin ƙasa tun daga cikin rami, alhali a wannan ɗan tsakanin ne ruwan da ke fallatsa da danshin ƙasa suke cin bango. In siminti buhu kaɗan ne a hannu, to a harsashi za a kashe shi. A shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashin kafin a fara bango, domin ta hana danshi hawa, sannan a cika cikin ɗakin da ƙasa a yi daɓe ya fi waje tudu.

Ƙasar gini kusan kullum tana nan a gonar, sai dai a gwada ta. A haƙo daga ƙarƙashin baƙar ƙasa, a zuba a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, yumɓu a sama. In yumɓun ya wuce kashi 1 cikin 3, tubalin zai tsattsage in ya bushe, sai a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa. In kuma kusan babu shi, tubalin zai riƙa marmashewa. Jar ƙasa ta fi dacewa. Inda ƙungiyar manoma ke da hali, tana iya neman injin matsa bulon ƙasa irin wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya ta ƙera. Akan haɗa awo 1 na siminti da awo kamar 20 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa, a matse, a lulluɓe bulon da leda ana yayyafa masa ruwa har mako 2, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Bangon ƙasa zalla kuwa, yaɓen siminti ba ya kama shi da kyau. Yakan ɓamɓare, ruwa ya maƙale a bayansa. Yaɓen ƙasa da makubar ɗorawa, a riƙa sabunta shi, ya fi masa lafiya.

Jinka ta fi kwano sanyi da araha, amma tana tsoron wuta, ruwan da ya zubo daga kanta kuma ba ya shayuwa. A ganinmu kwano ya fi dacewa da gona mai nisa, saboda shi ne rufi kuma shi ne rijiya. Zafinsa ana rage shi da silin na zana ko tabarma da ƙananan tagogi biyu masu kallon juna. A bar bakin kwanon ya zarce bango da santimita 50 ko fiye ta kowane gefe. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɗaure rufin: ƙusa kaɗai ba ta isa ba. A binne waya mai kauri ko ƙarfen ɗauri a cikin bango, layi 3 ko 4 ƙasa da samansa, a naɗe katakon da ke ɗauke da rufin da ita. Inda ake samun azarar giginya, gara ba ta cin ta kamar sauran itace, sai dai ba a ba ta tazarar da ta wuce kimanin mita 2 ba tare da madogara ba.

Lissafin ruwan sama mai sauƙi ne, kuma yana da kyau malamin gona ya yi shi a gaban manoma. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Rufin ɗakin da muka ambata, har da bakinsa, ya kai mita 4 sau 5, wato murabba'in mita 20. A yankin da ke samun milimita 1,000 a shekara, lita 20,000 ce ke sauka a kansa. Ko an cire kashi 1 cikin 5 na asara, saura lita 16,000. Matsalar ita ce ma'aji, domin duro mai lita 200 ruwa ɗaya mai ƙarfi ke cika shi. A fara da abin da ake da shi, a ƙara tanki bayan girbi. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube, a rufe bakin duro saboda sauro, a kuma tafasa na sha. In an haƙa rijiya, masai ya kasance a gangare da ita, da tazarar aƙalla mita 30.

Batun haske ya yi sauƙi yanzu. Farantin sola mai wat 100 yana ba da abin da ya ishi ƙwan lantarki 3 marasa cin wuta, cajin wayoyi da rediyo, har da saura. A kafa shi yana kallon kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, a riƙa goge shi a lokacin hunturu domin ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai. A sa na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir. Batir irin na ruwa, in ana zuƙe shi fiye da rabi kullum, ba ya daɗewa.

Akwai abubuwan da ba sa kwana ɗaki ɗaya da mutum. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a buhu don kashe ƙwari tana fitar da iska mai guba wadda ta sha hallaka iyali a cikin barci, haka ma hayaƙin janareto da garwashin da aka shiga da shi ɗaki a rufe. Maganin feshi, fetur da hatsin da aka sa wa magani a yi musu ɗan ɗaki dabam mai makulli. Ware hatsi yana da wata fa'idar: hatsi ke kiran ɓera, ɓera ke kiran maciji. Kububuwa ta yi yawa a dazuzzukan Gombe, Taraba, Filato da Binuwai, kuma asibitin saran maciji na Kaltungo ya fi cika a lokacin noma da girbi. A kwana a kan gado cikin gidan sauro, a toshe ƙasan ƙofa, kada a fita da dare ba tocila da takalmi. In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi, a garzaya asibitin da ke da allurar dafi. Ya kamata manomi ya san wannan asibiti da hanyarsa tun kafin ya fara kwana a gonar.

Lokacin aiki shi ne bayan girbi, daga Nuwamba, sa'ad da rafuka ke da sauran ruwan kwaɓa ƙasa kuma tubali ke bushewa da sauri. A share ciyawa tas a kewayen wurin, faɗin mita 5 ko fiye, kafin a fara ƙonon daji. A yi ƙoƙari a gama rufi kafin ƙarshen Maris. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, manomi ya zagaya ɗakin ya ga inda ruwa ke taruwa a gindin bango, ya tona masa hanya da fartanya ya bi gangare.