Yadda Man Saudiyya Ya Suɓuce Wa Ingila

A shekarar 1933 baitulmalin Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya kusa ƙarewa. Tattalin arzikin duniya ya karye, alhazai sun ragu, alhali da kuɗin da suke biya masarautar ta fi dogara. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ingila ce mai faɗa a ji a yankin tun yarjejeniyar 1915. Amma kamfanin man Iraƙi, wanda Ingilishi ke jagoranta, bai gaskata akwai mai a can ba, sai ya yi tayi kaɗan. Kamfanin Standard Oil na Kalifoniya kuwa ya miƙa zinariya ta fam 35,000. Abin mamaki, Philby, tsohon jami'in Ingila kuma mashawarcin Sarki, Amurkawa ya yi wa aiki. Ran 29 ga Mayu aka sa hannu a Jidda.

A Maris 1938 mai ya ɓulɓulo daga rijiya ta bakwai a Dammam. Sai a 1980 Saudiyya ta mallaki kamfanin Aramco gaba ɗaya. Mai karatu, cinikin da yunwa ta ƙulla yakan daɗe bai warware ba.