BAKWAINI A GOMBE: YADDA LIKITOCI KE GANE ƘWARIN HUHUN JARIRI

Al'ada ce sananniya ga mutanen Arewa mazauna Legas da Badun da Anacha, cewa in cikin fari ya kai wata bakwai sai miji ya mai da matarsa gidan iyayenta goyon ciki. Mutanen Gombe ba a bar su a baya ba. To, amma wannan lokaci shi ne mafi haɗari in naƙuda ta taso ba zato, domin jaririn da aka haifa a sa'an nan shi ne bakwaini. Likitoci suna kiran duk jaririn da ya fito kafin mako 37 wanda bai cika ba, kuma babbar matsalarsa ita ce numfashi.

Dalilin haka kuwa shi ne, huhun ɗan Adam cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna na iska. Akwai wani maiƙo da Turawa ke kira safaktan, wanda ke shafe cikin jakunkunan ya hana su mannewa in an fitar da numfashi. Huhun ɗan tayi yakan fara yin maiƙon nan wajen mako 24, amma ba ya wadata sai wajen mako 34 ko 35. Jaririn da ya fito kafin nan sai a ga yana nishi, haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓɓansa sun yi shuɗi. A 1959 ne wata likita a Amurka, Mary Ellen Avery, da abokin aikinta Jere Mead, suka gano rashin maiƙon nan ne ke kashe irin waɗannan jarirai. Ciwon bai bar gidan manya ba, gama shi ne ajalin Patrick, ɗan Shugaba Kennedy na Amurka, a 1963.

Daga nan masana suka shiga neman hanyar sanin ƙwarin huhu tun jariri yana ciki. A 1971 Likita Louis Gluck ya fito da gwaji na farko. Akan soka allura ta cikin uwa a zuƙo kaɗan daga ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki, a auna wasu sinadarai biyu, lesitin da sifingomayelin. In na farko ya ninka na biyu, to huhu ya yi ƙwari. A 1972 kuma John Clements ya kawo wani mai sauƙi, wanda ya dace da asibitin da ba shi da manyan na'urori. Akan haɗa ruwan da barasar asibiti a cikin 'yar kwalba, a girgiza na daƙiƙa 15, a ajiye minti 15. In kumfa ta tsaya ta kewaye saman ruwan, alama ce maiƙon ya wadata. In ta washe, da sauran lokaci.

Gwaje-gwajen nan sun yi tashe shekaru da yawa, amma yanzu likitoci sun rage dogara da su. Hujjarsu ita ce, in uwa tana cikin haɗari, kamar hawan jini mai kawo jijjiga ko zubar jini, tilas a ciro jariri ko mene ne gwajin ya nuna. In kuwa babu haɗari, haƙuri ya fi, domin ƙwarin huhu ba ya nufin ƙwaƙwalwa da hanta da hanji sun gama ƙosawa. Abin da aka fi dogara da shi yau shi ne sanin ainihin makonnin ciki, kuma hoton ciki da aka ɗauka a watanni ukun farko shi ya fi faɗin gaskiya. Bayan haihuwa kuma akwai ma'aunin Ballard na 1979, inda ake duba fatar jariri da kunnensa da tafin ƙafarsa da ƙarfin gaɓoɓinsa a kimanta makonninsa.

Amfanin sanin makonni shi ne akwai magani. A 1972 Liggins da Howie na ƙasar New Zealand sun nuna cewa allurar da aka yi wa uwa kafin haihuwa tana hanzarta ƙosawar huhun ɗanta. Wadda aka fi samu a ƙasar nan ita ce desametason, allura huɗu, kowace bayan awa 12. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2020, wanda aka yi a asibitoci 29 na Nijeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangladesh, ya nuna ta rage mutuwar bakwaini. Sai dai sharaɗinta shi ne a tabbatar ciki bai wuce mako 34 ba, uwa ba ta da cutar da ta shiga mahaifa, kuma a yi ta a asibitin da zai iya kula da jaririn. Ba allurar kyamis ba ce.

A garin Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, da kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. Irin waɗannan manyan asibitoci ne ke da ɗakin jarirai na musamman, inda ake sa bakwaini a kwalba. In ya samu sauƙi akan koya wa uwa ta goya shi a ƙirji, fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978.

Saboda haka, maigidan da zai tura iyalinsa Jekadafari ko Bolari ko Pantami goyon ciki, ya tabbata katin awo da takardar hoton farko suna cikin kayanta, ya kuma bar kuɗin mota a hannun surukansa. In faya ta fashe ko naƙuda ta taso kafin lokaci, a nufi babban asibiti nan take, domin allurar tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi cikakken aiki. Zancen da akan yi cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa kuwa, likitoci ba su yarda da shi ba: kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ƙarin ƙarfi ne gare shi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.