Motocin da ke bayan jirgin yaƙi: yadda Ingila ta rarraba su a Yaƙin Hitila

Yau maganar jirgin yaƙi za mu yi, amma ba sama za mu kalla ba, ƙasa za mu duba.

A 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, tekun Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai suka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yanzu. A can ake harhaɗa su, su tashi su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. An fara a Satumbar 1940, kuma jirgi sama da 5,000 ya bi wannan hanya. To kowace tasha jirgi ya sauka sai an ba shi mai, in ya lalace a ja shi, in ya kama wuta a kashe. Duk aikin mota ne.

Yaya rundunar sama ta Ingila, wato RAF, take bambance motocinta? Abu na farko, nauyin kaya. Suna da wani awo da ake rubutawa cwt, kusan kilo 51 ne, guda 20 ke yin tan ɗaya. Bari in mayar muku da shi buhun masara mai kilo 100. Mota mai cwt 15, irin Bedford MW, buhu 7 da rabi ke nan, a-kori-kura ce. Mai cwt 30 buhu 15. Mai tan 3, irin Bedford OY, buhu 30. Na san wani direban Kanta da ke lodi a kasuwar Tsafe yana dariya yanzu, don shi 30 ɗin nan somin taɓi ne. Amma su an ƙayyade lodin ne don mota ta shiga daji ta fito lafiya.

Na biyu, ƙafa. Za ka ga an rubuta 4x2, 4x4 ko 6x4. Lambar farko yawan ƙafafun motar, ta biyu waɗanda inji ke juyawa. Nan mutane ke ruɗewa: taya biyu da aka haɗa wuri ɗaya, ƙafa ɗaya ake lissafa su. Shi ya sa motar da muke kira mai taya goma, a wurinsu 6x4 ce. Kuma wannan lamba ba ado ba ce. Duk wanda ya taɓa kafewa a laka cikin Agusta ya san bambancin mai ja da biyu da mai ja da huɗu. Motar kashe gobara irin Crossley 4x4 ce, saboda jirgi ba ya zaɓar inda zai faɗi.

Na uku, aikinta. Akwai tankar mai, babbar cikinsu AEC mai ƙafa 6, galan 2,500 take ɗauka, sama da lita 11,000, durom 50 da ɗoriya. Akwai motar asibiti Austin K2, da tarakta David Brown mai jan jirgi da amalanken bama-bamai, da mai ƙugiya ta Coles don ɗaga inji. Sai tirelar da kamfanin Tasker ya ƙera, wadda saboda tsawonta aka laƙaba mata Queen Mary, sunan wani ƙaton jirgin ruwa. A kwance wa jirgi fukafukai, a ɗora shi a kai, a tafi da shi gyara.

Ni a ganina dabarar tana nan ne: kan mota ɗaya, jiki daban-daban. Bedford QL guda, wata tanka ce, wata ta kaya, wata ɗakin waya. Bakanike ya iya ɗaya ya iya sauran, kuma in tanka ta tsaya ana iya ciro mata kaya daga 'yar'uwarta maimakon jiran jirgin ruwa daga Ingila.

Mu tsaya nan, sai Allah ya kai mu shiri na gaba.